Telan da Ya Ƙi Tsuke Wando

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. A ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga watan Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba tela, mai shagon nan da ke kallon ƙofar makarantar sakandaren maza ta unguwarmu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina bakin aiki a kantin magani, ina ɗaure wa wata tsohuwa maganinta, maigidana ya kira ni a waya ya faɗa mini. Na yi salati, na ƙara yi. Tsohuwar ce ta kama ni ta zaunar a benci, tana tambayata ko mahaifina ne ya rasu. Na ce mata eh, don ban ga amsar da ta fi wannan kusa da gaskiya ba.

Baba, mutane da yawa sun yi rashinka, amma ni ban da baƙin ciki akwai tsoro, kuma tsoron ya fi yawa. Tun daga ranar ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Shekara uku ke nan karatun ɗana, kai har da lafiyarsa, suna rataye a almakashinka, ba kuma wanda ya sani sai ni da babansa da kai. Yanzu ka tafi, hutun makaranta ya zo ƙarshe, ranar Litinin za a koma. Zan faɗi dalilin tsoron, amma bari in fara da ko kai wane ne, domin yaran yanzu ba su san ka ba, wani mutum dabam suka sani.

Na buɗi ido na gan ka a shagon nan. Ɗaki ne ɗan tsukuku, ƙofa ɗaya taga ɗaya, da keken ɗinki, da teburin yanka wanda ya yi baƙi saboda yawan dafawa, da wani dogon benci da 'yan makaranta suka sulɓe da zama. Ƙanshin man keke da na yadin da aka ɗora wa dutsen guga, har yau idan na ji shi a wani wuri sai na waiwaya. Babanmu direba ne, shi ya sa tun ina 'yar mitsitsiya kake kirana 'yar direba, kuma ba ka daina ba har na haifi 'ya'ya. Ni ake aikowa karɓar ɗinkin yayyena, ni kuma kake ce wa in dawo gobe. Idan na turo baki sai ka ba ni ƙyallayen da suka ragu in je in yi wa 'yar tsanata zane, sai in manta da abin da ya kawo ni.

Yayanmu babba ya shiga makarantar a zamanin gajeren wando. Kaki ne mai kauri, yana tsayawa a saman gwiwa, da roba a ƙugu, idan an wanke shi ya bushe sai ka rantse zai iya tsayuwa shi kaɗai. Yaran lokacin duk gwiwoyinsu tabo ne. Dogon wando kuwa sai 'yan manyan aji, don haka yaro yana ɗokin a ciyar da shi gaba ne ba don karatu kaɗai ba, har da don ya rufe ƙwaurinsa. Ba na manta ranar da ka miƙa wa Yaya dogon wandonsa na farko. Ya taho gida yana tafiya ba ya lanƙwasa gwiwa, wai kada karin guga ya lalace, da aka kawo abinci ya ce shi a tsaye zai ci. Mamarmu ta yi dariya har da hawaye. Daga baya ta juya ƙafar wandon ta ga kalmasar da ka yi masa, mai zurfi kusan faɗin tafin hannu, ta ce wannan tela ya san halin da iyaye suke ciki. Sau biyu aka warware kalmasar nan aka ƙara masa tsawo kafin Yaya ya gama makaranta.

Kafin mai bi masa ya shiga, an soke gajeren wando gaba ɗaya. Sai aka shiga yayin wando mai kama cinya da buɗaɗɗen baki, wanda yake share hanya duk inda yaro ya bi. Ka ɗinka musu shi, kana tsokanarsu cewa ya kamata masu shara su riƙa gode musu. Da sarƙar keke ta cafke ƙafar wandon wani yaro ya faɗi a bakin ƙofar makaranta, haƙorinsa ya fita, ba ka ce a daina yayin ba. Sai ka fara saka wani ɗan maɗauri da maɓalli daga ciki, mai hawan keke ya tattare bakin wandon ya ɓalle, idan ya sauka ya sake shi ya ci gaba da shara. Bayan wannan aka yi zamanin mai tattara a gaba da dogon ƙugu, wanda ake ɗaure bel ɗinsa a saman cibiya. Maigidana ɗan wannan zamanin ne, akwai hotonsa a gidan iyayensa, duk ranar da ya dame ni da surutu sai in ce zan nuna wa yara. Sannan aka zo kan wanda ya fi ba ka haushi, ƙaton nan mai zamewa daga ƙugu, yaro yana tafiya yana riƙe da shi da hannu ɗaya. Ka yi mita, ka ce ba ka taɓa ganin inda mutum yake yi wa wandonsa dako ba, amma ka ɗinka, iyakar abin da makaranta ta yarda. Idan iyaye suka ce don me kake biye musu, sai ka ce kai tela ne, ba alƙali ba.

Kuma waye a cikin mazan unguwar nan bai taɓa tsayawa a bayan labulenka ba? Idan wandon yaro ya yage ta baya a wajen ƙwallo, da an fita tara sai ka gan shi ya tsallako titi yana tafiya a karkace, littafi a bayansa. Ba ka tambayarsa komai. Ka ba shi ragowar yadi ya ɗaura, ka ɗinke, ya koma aji kafin a kaɗa ƙararrawa. A cikin waɗanda suka yi maka salla ranar Laraba akwai masu manyan motoci da na san sun taɓa ɗaura yadin nan.

Na jero wannan duka ne don a shaida cewa tsawon rayuwarka ba ka taɓa faɗa da yayi ba. Duk wanda ya zo ka karɓe shi, ka gyara masa zama, ka bar shi ya wuce. Sau ɗaya tak ka ƙi, kuma saboda ɗana ne.

Ɗana na fari, wanda kake kira Injiniya saboda ba ya barin rediyo ko tocila su zauna lafiya sai ya kwance su, yana ajin ƙarshe na firamare mota ta buge shi a hanyar dawowa gida. A lokacin muna zaune a can wani ɓangare na gari. Ƙashin ƙugunsa ya karye, karayar kuma ta taɓa hanyar fitsari. Ƙashi ya ɗoru, alhamdu lillahi, yana tafiyarsa kamar kowa. Amma likitoci suka ce ɗayan gyaran, wato aikin hanyar fitsarin, sai jikinsa ya ƙara girma, kafin nan sai dai a saka masa roba, fitsarin ya riƙa sauka cikin wata 'yar jaka da ake ɗaura masa a ƙafa, ƙasa da gwiwa. Suka ja mana kunne a kan abu biyu. Kada wani abu ya matse robar, kuma ya riƙa shan ruwa da yawa, in ba haka ba ƙoda ce za ta taɓu.

Ya koma firamare da tsohon wandonsa. Wata rana ana cikin darasi jakar ta kwance. Ba zan rubuta sunan da yara suka laƙaba masa ba, ko da bakina ban taɓa maimaita shi ba. Ya dawo gida bai yi kuka ba, bai kai ƙarar kowa ba, washegari ya ɗauki jakar littattafansa ya tafi, mu kuma muna ta yabon jarumtarsa. Ashe ya daina shan ruwa ne. A hanya yake zubar da wanda nake cika masa a gora, a gida kuma ya jiƙa leɓe kawai, duk don kada jakar ta cika. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, muka kwashe shi zuwa asibiti. Likita ya dube ni ya ce da mun ƙara jinkiri da wani zance ake yi. Wanda bai taɓa zama a gefen gadon ɗansa yana kallon ruwa yana ɗiga cikin jijiyarsa ba, ba zai gane irin tsoron da nake magana a kai ba. Tun daga lokacin tsoron nan ya shiga jikina, bai fita ba.

Muka tashi daga can muka dawo unguwar da na girma, inda ba yaron da ya san shi, aka sa shi a sakandaren da ke kallon shagonka. A shekarar yayin fensir ya gama gari, wandon nan mai ɗamewa tun daga cinya har idon sawu, wanda sai yaro ya zauna a ƙasa yake iya cire shi. Kai ma ka fara ɗinka wa 'yan makaranta shi, na ga wasu a rataye a shagon ranar da muka zo. Ina ganinsu gabana ya faɗi. Ko bakin ƙafar ɗana da ƙyar zai wuce, balle jaka.

Na tsaya a bakin ƙofa. Ka dube ni, ka dubi yaron da ya sunkuyar da kai, sai ka ce wa mutanen da ke benci su yi haƙuri su dawo anjima, ka turo ƙofa. Na faɗa maka komai, ina yi ina tsayawa. Ba ka yi salati da ƙarfi ba, ba ka ce wayyo ba, ba ka yi masa kallon tausayin nan da ya fi tsana ba. Ka durƙusa, da tsufanka, ka ce Injiniya ya nuna maka inda robar take bi, kamar kana tambayarsa yadda waya take shiga rediyo. Sai ga shi yana yi maka bayani. Ka ce za ka yi wa jakar aljihu daga ciki, da shafi mai laushi don kada ta goge masa fata, ka ɓoye ɗan ƙaramin zif a cikin ɗinkin gefe kusa da idon sawu, idan ya shiga bayi ya zuge ya zubar ba sai ya tuɓe ba. Na ji sanyi a raina. Shi kuwa ya ɗaga kai ya kalli waɗanda ke rataye.

"Baba, ai kowa zai gane," in ji shi. "Nawa ne kaɗai zai yi faɗi. Na kowa fensir ne."

Ka naɗe tef ɗinka a yatsa. Can ka ce, "Wa ya ce maka na kowa fensir ne? Ai ni nake ɗinka na kowa."

Ban gane abin da kake nufi ba sai ranar da aka buɗe makaranta. Na raka shi na tsaya a tsallaken titi. Sai na ga 'yan aji ɗaya suna tururuwa, kowanne da sabon wando mai sakakkiyar ƙafa, miƙaƙƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, iri ɗaya da na ɗana. Ya shige cikinsu, ni kaina da na haife shi sai da na neme shi na rasa. Na juyo na gan ka a ƙofar shago kana shan shayi, ka ɗaga mini kofi, ka koma ciki.

Tun kafin a haife ni makarantar nan kai take ba ɗinkin kayan ɗalibanta, don haka duk wanda nasa ya tsufa ya zo sabo, irin wannan ya samu. Ba a daɗe ba makaranta duka ta koma haka. To, a nan ne aka fara. Yara suka sa maka suna Baba Buhu, wai buhu kake ɗinka musu. Suna wucewa suna rerawa a ƙofar shagonka, wani ya taɓa rubuta shi da alli a jikin tagar. Iyaye, waɗanda da ƙuruciyarsu kai ka yi musu mai share hanya, suka zo suna cewa tsufa ya kama ka, idonka ya daina gani. Ƙorafi ya kai wa shugaban makaranta, ya tsallako da kansa. Ka ce masa ɗamammen wando ba ya jure gudu, yana fashewa a hantsa, kuma yaro mai girma ba ya jin daɗin zama da shi tun safe har azahar. Duk gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ko ɗaya ba, dalili ɗaya kawai ka riƙe a cikinka. Shugaban mutum ne mai son tsari, ya gamsu, har ya fara korar duk wanda ya kai nasa aka tsuke a wani wuri. Haushin wannan ma a kanka ya ƙare. Samarin da ke kawo maka ɗinkin gida suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, bencin nan da ba a samun wurin zama ya koma wurin ajiye yadi.

Wata rana na haɗu da mai ɗakinka, Inna, a layin asibiti. Ta kama hannuna tana yi mini ƙorafi, ta ce tun da take da kai ba ta san ka da taurin kai ba sai yanzu, jikokinka ma sun fi son su kai ɗinkinsu wani wuri. Ta ce in yi maka magana tunda kana jin tawa. Na sunkuyar da kai na ce to. Da na fito ban wuce gida ba, shagonka na nufa. Na ce Baba abin ya isa haka, ka tsuke musu, mu za mu san yadda za mu yi. Ka tambaye ni yaya za mu yi. Sai ka cire gilashinka ka ce:

"'Yar direba, wando na ga ya gajarta, na ga ya yi tsawo, na ga ya buɗe, na ga ya tsuke. Zai sake buɗewa, ko ina nan ko ba na nan. Waɗannan yaran fushin ado suke yi, zai wuce. Naki ɗan ba ado yake nema ba. Ki bar ni in riƙe masa har a yi aikin."

Ka mayar da gilashin ka ci gaba da taka keke, ka ce in tafi kada in makara ɗora girki.

Kada wani ya ɗauka a shekarun nan uku hankalina a kwance yake. Ina kanti waya ta yi ƙara a lokacin makaranta, sai in bar abin da nake yi in ruga in duba ko waye. Idan ya dawo, kafin in tambaye shi karatu sai na girgiza gorar ruwansa, sannan in leƙa kalar abin da ke cikin jakar. Amma kullum yana dawowa lafiya. Ya yi abokai, suna zuwa gida suna cinye mini abinci, suna kwance mini fanka wai za su gyara. A gabana suke zagin wandon Baba Buhu, shi kuma ya yi shiru ya dubi ƙasa. Shugaban makaranta ya san ya taɓa karaya a ƙugu, shi ya sa aka ɗauke masa wasannin guje-guje, iyakar abin da aka sani ke nan. Duk farkon zango sai ya tsallaka wurinka, ka turo ƙofa, ka sake masa shafin aljihu, ka sauke kalmasa. Bana muryarsa ta fara buɗewa, ya kusa kamo babansa a tsawo. Likita ya ce saura kamar shekara guda a yi aikin. Shekara guda kawai, Baba. Na riga na fara sakin jiki.

Da na je gidanka gaisuwa, ina zaune a cikin mata, sai na ji wata tana cewa Allah ya jiƙan tela, mutumin kirki ne, sai dai a ƙarshen rayuwarsa ya ƙi ci gaba. Wata ta ce ai tsufa ne, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. A hanyar dawowa na bi ta gaban shagonka, yana kulle, wasu yara suna zaune a dakalin. Na ji ɗaya yana cewa bana dai za su sa wandon mutane. Wallahi sai da na ji hannuna yana ƙaiƙayi. Na tuna yaro ne, kuma bai sani ba, na haɗiye na wuce.

Ba a yi mako ba makaranta ta sanar cewa daga yanzu ɗinkakku za a riƙa kawowa daga wani kamfani, an rataye samfuri a ofishin da ke bakin ƙofa. Na je na gani. Na zura hannuna a ƙafar wandon, da ƙyar dunƙulen hannuna ya fita ta ƙasa. An ce mai tsoho zai iya ci gaba da sa shi har ya ƙare, amma wa zai sa? Layin masu saye har bakin titi. Maigidana ya ce mu sauya masa makaranta, na ce ka nuna mini wadda ba fensir ake sawa ba. Ya ce mu kai wa wani tela ya kwaikwayi aljihun. Ai ba aljihun ne matsalar ba, aljihu kowane tela zai iya. Wa zai sake buɗe wandon makaranta guda saboda yaro ɗaya? Idan ya sa sabon, roba za ta matse. Idan ya sa naka, shi kaɗai ne a cikin ɗaruruwa, kuma yara ba sa barin abu sai sun tono shi. Shekaranjiya na ajiye masa ruwa a ɗaki na fita, na dawo na same shi yadda na bar shi. Na tsaya ina kallon kofin. Na san wannan hanyar, na san inda take kaiwa.

Jiya da la'asar babansa ya tafi da shi gidanka, wurin zaman maza. Da suka dawo ina guga a tsakar gida. Ya zo ya tsaya a kaina. Na ɗauka zai ce ya fasa karatu, har na fara shirya abin da zan ce masa.

"Mama, ki rubuta abin da Baba ya yi."

Na ce in rubuta wa wa? Ya ce wa kowa, a karanta a unguwa, a karanta a makaranta. Ya ce a wurin zaman har manya suna ce maka Baba Buhu, suna dariya, babban ɗanka yana murmushin yaƙe. Na ajiye dutsen guga na ce ya san abin da yake faɗa kuwa? Duk wanda ya san shagon nan ya san 'yar direba, duk wanda ya san ni ya san shi. Na tuna masa firamare, na tuna masa sunan, na tuna masa gadon asibiti. Na ɗaga masa murya, abin da ban saba ba, don tsoro ne yake magana ba ni ba.

"Na sani," in ji shi. "Ina jin tsoro, Mama. Tun da aka rataye wandon nan ba na iya barci. Amma saboda ni aka sa masa sunan, shekara uku ina ji ina yin shiru. Yanzu yana kabari kuma ana faɗa. Gara su faɗi nawa."

Na kalli babansa, ya juya baya yana share ido. Na tashi na ɗauko takarda da biro.

To ga shi na rubuta, Baba. Abin da ka rufe da hannunka, yau ɗan da ka rufe wa ya ce a buɗe, ni kuma na bi shi ba don zuciyata ta yarda ba. Ranar Litinin zai sa wandon ƙarshe da ka ɗinka masa, mai sakakkiyar ƙafa, ya shiga ƙofar nan shi kaɗai, kowa kuma ya san abin da ke ciki. Ban san me zai tarar ba. Ban san ko abokan da ke cin abinci a gidana za su tsaya kusa da shi ko za su matsa ba. Iyayen yaran makarantar nan, musamman ku da kuka taɓa tsayawa a bayan labulen marigayi, ina roƙonku don girman Allah ku zaunar da 'ya'yanku ku yi musu magana kafin ranar. Ba na neman a tausaya masa, ba ya so. A bar shi ya zauna a aji ya sha ruwansa.

Inna, ki yafe mana. Kin yi mini ƙorafi a layin asibiti na kasa faɗa miki dalili, yanzu kin ji. Mijinki bai yi taurin kai ba, idonsa kuma bai daina gani ba. Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da 'ya'yansa maza da mata, da jikokinsa, da duk wanda ya taɓa sa wandon da ya fito daga shagon nan, gajere ko dogo. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya tsaya muku a bayansa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya suturta ɗana a lokacin da ba ni da yadda zan yi, ya ɗauki zagi a kai bai taɓa buɗe baki ba. Ka suturta shi a ranar da asirai za su tonu, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Baba addu'a, don Allah ya haɗa da yarona. Litinin da safe zan raka shi bakin ƙofa, daga nan ba a barin iyaye su wuce.